Tsoron takardu ya hana mu kai yaronmu mai sikila asibiti a Amurka

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekara biyar ke nan ina zaune a Amurka. Da bizar ziyara na shigo, ta ƙare tuntuni, har yau takarduna ba su daidaita ba. Maigidana yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, shekara uku da samu, tuƙi yake yi yana kai wa mutane kaya. Ƙaramar 'yarmu a nan na haife ta, shekararta huɗu. Yayanta mai shekara 11 a wurin kakarsa ya tashi, sai bara babansa ya yi masa takardu ya zo da girin kad. Yana da sikila. Ni kuma ina da cikin wata huɗu, ko sau ɗaya ban je awo ba.

Babu mai inshorar lafiya a cikinmu. An ce akwai ta gwamnati ta yara, amma maigida ya ce kada mu kuskura. Abokansa sun gaya masa duk wanda ya ci kuɗin gwamnati ba zai zama ɗan ƙasa ba, kuma idan muka cike fam za a gano ni. Sau biyu ciwon yaron ya tashi a sanyin da ya wuce, a gida muka riƙa ba shi maganin ciwon jiki yana kuka. Anti, ba na iya barci. Yaya zan yi?

Uwar biyu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Duk wasiƙarki babu inda ya tsaya min a rai kamar wurin da kika ce yana kuka kuna ba shi magani a gida, don haka da shi zan fara kafin mu zo ga maganar fam. Tun 1986 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kusan kowane asibiti mai sashen gaggawa ya duba duk wanda aka kawo, ya kuma yi masa abin da zai fitar da shi daga haɗari, yana da inshora ko ba shi da ita, yana da takardu ko babu. Dokar ba ta yafe kuɗin ba, takardar biya za ta biyo ku gida, amma ba a mayar da mara lafiya daga bakin ƙofa. Mai sikila idan zazzaɓinsa ya kai digiri 38.5, wato 101 da ɗoriya a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, ba a kwana da shi a gida. Haka idan ƙirjinsa na ciwo ko numfashi na yi masa wuya, ko ɓarin jikinsa ya saki, ko maganarsa ta sauya, ko ciwon ya ƙi jin magani. A irin wannan dare ki kira lambar gaggawa ta 911 ko ku ɗauke shi ku tafi. Bashin asibiti ana zama a sasanta shi, amma shanyewar ɓarin jiki a yaro ɗan shekara 11 ba ta da sasantawa.

To, ga abin da abokan maigida suka kuskure, kuma shi ne gundarin maganar. A tsarin inshorar gwamnati ta Amurka ba a yi wa iyali kuɗin goro. Gidanku ɗaya, amma a idon doka ku huɗu ne, kowa da matsayinsa, kuma da takardun yaro ake auna yaro, ba da na uwarsa ba. Rashin takardunki bai rage wa 'ya'yanki komai daga haƙƙinsu ba.

Shirye-shiryen biyu ne. Akwai Medicaid, wanda aka kafa a 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma CHIP na 1997, wanda aka yi domin yaran da kuɗin iyayensu ya ɗan haura ma'aunin Medicaid amma bai kai su sayi inshorar kasuwa ba. Tarayya da jiha ne ke haɗa kuɗin, jiha ce ke gudanarwa, shi ya sa sunan ke sauyawa: a Kalifoniya Medi-Cal suke cewa, a Niyok na yara Child Health Plus ne. Ba ki faɗi jihar da kuke ba, kuma rabin amsar a wurin jihar take.

Ta ƙaramar ba ta da wani ja-in-ja. An haife ta a Amurka, 'yar ƙasa ce, abin da kawai za a duba shi ne kuɗin da ke shigo muku da kuma cewa a jihar kuke zaune. Ma'aunin talauci na tarayya na 2025 ga iyali mai mutum huɗu dala 32,150 ne a shekara, kuma kowace jiha dole ta karɓi yaran da kuɗin gidansu bai wuce kashi 138 cikin 100 na wannan adadin ba, wato dala 44,000 da ɗan ɗori. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Mafi yawan jihohi sun kai ninki biyu na ma'aunin ko fiye ta hanyar CHIP, Niyok ma har ninki huɗu. Ki gaya wa maigida wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba: idan aikin kansa yake yi, ba duk abin da ya shigo ake ƙirgawa ba, ribar da ta rage bayan an cire kuɗin da aikin ya ci, kamar yadda ya rubuta a takardar haraji, ita ce kuɗin shigarsa.

Na yaron ne ke buƙatar bayani. A 1996, zamanin Bill Clinton, aka yi dokar da ta ce mai girin kad sai ya shekara biyar kafin ya samu Medicaid da kuɗin tarayya. Wannan jiran ne mutane suka haddace, har suke ɗauka ya hau kan kowa. Amma a 2009 Barack Obama ya sa hannu a wata doka da ta ba jihohi damar ɗage wa yara da masu ciki wannan jiran, muddin bisa ƙa'ida suke zaune a ƙasar, kuma fiye da rabin jihohi sun ɗage wa yara, har da Teksas. A jihar da ta ɗage, yaron da ya sauka bara da girin kad ba zai jira ko kwana ɗaya ba, kuma ba za a bi wanda ya tsaya masa a takardun shigowa bashin kuɗin magani ba. Akwai ma jihohin da suka wuce nan, suna ba duk yaron da ke cikinsu da kuɗin aljihunsu ba tare da duba takardu ba, kamar Niyok da Kalifoniya da Ilinoy da Washintin. Babbar dokar kasafi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta taƙaita wa baƙi da yawa hanya daga Oktoban 2026, musamman 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su karɓi girin kad ba tukuna, amma masu girin kad suna cikin waɗanda ta bari, kuma ba ta soke damar nan ta yara da masu ciki ba.

Sikilarsa ba za ta sa a ƙi shi ba, Medicaid ba ya ƙin mutum don ya zo da ciwonsa. Ina so ki hango abin da katin inshorar nan zai buɗe masa, domin ba maganin ciwon jiki kawai ba ne. Zai samu likitan jini da zai san shi, ya rubuta muku abin da za ku yi idan ciwo ya tashi cikin dare. Akwai hoton jijiyoyin kai da ake yi wa masu sikila mai tsanani duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, wanda ke nuna yaron da ke dab da shanyewar jiki tun abin bai faru ba. Akwai maganin haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, idan likita ya ga ya dace da shi. Ga allurar rigakafi, ga ido, ga haƙori, domin dokar Medicaid ta wajabta wa jiha ta biya duk maganin da wanda bai kai shekara 21 ba ke buƙata. Kuma tun Janairun 2024, yaron da aka karɓa yana riƙe inshorarsa wata 12 cur ko da kuɗin gidan ya ɗan ɗaga a tsakani. Shekara guda ke nan yana ƙasar da ake yin duk wannan, bai ga ko ɗaya ba. Abin ya dame ni.

Idan aka yi rashin sa'a jiharku tana cikin waɗanda ba su ɗage jiran ba, ƙofa ba ta rufe ba. Mai girin kad yana da damar sayen inshora a kasuwar gwamnati ta HealthCare.gov ko ta jiharsa, da tallafi idan kuɗin shigarsa ya dace da ƙa'idar tallafin, kuma su ma ba su da ikon ƙin sa saboda sikila. Ta nan shi ma maigida zai nemi tasa kafin shekararsa biyar ta cika.

Yanzu tsoron maigida. Ban ga laifinsa ba, kuma kada ki je masa da cewa abokansa ƙarya suke yi, domin maganar tana da tushe. A dokar shige da fice akwai abin da suke kira fablik caj, wato a duba ko mutum zai zama kaya a wuyan gwamnati. A 2019 gwamnatin Donald Trump ta faɗaɗa shi ya haɗa da Medicaid na manya, tsoro ya shiga gidajen baƙi, iyaye da yawa suka cire 'ya'yansu daga inshorar da suka cancanta. An daina aiki da wannan ƙa'ida a Maris na 2021. Wadda ta maye gurbinta a Disambar 2022 abu biyu kawai ta ƙirga: tallafin tsabar kuɗi na ciyar da kai, da doguwar jinya a gidan kulawa da kuɗin gwamnati. A Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar tsaron cikin gida ta gabatar da shawarar soke ta 2022 ɗin. Kin ga abu ne da ke juyawa da juyawar gwamnati.

Amma ki lura da kyau. Ko waccan mai tsaurin ta 2019 ba ta ƙirga CHIP ba, ba ta ƙirga Medicaid na wanda bai kai shekara 21 ba, ba ta ƙirga na mai ciki ko na gaggawa ba, kuma ba ta ɗora wa uba ko uwa abin da ɗansu ya karɓa ba. Sannan wannan awo na fablik caj ana yin sa ne ga mai neman biza ko mai neman girin kad. Ba a yin sa ga mai sabunta girin kad, ba a yin sa ga mai neman zama ɗan ƙasa. Maigida ya riga ya haye wannan gadar. Inda zai iya sake haɗuwa da ita shi ne idan ya bar Amurka fiye da kwana 180 a jere, don haka ya kula da doguwar tafiya. Nan da shekara biyu zai iya neman zama ɗan ƙasa, kuma ranar da ya yi rantsuwa, ɗansa mai girin kad da ke zaune a hannunsa, wanda bai kai 18 ba, shi ma ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. Inshorar yara ba ta tare wannan hanya.

Saura maganar “za a gano ni”. A nan ba zan shafa miki mai a baki ba. A ƙa'ida, iyayen da ke nema wa 'ya'yansu, ba kansu ba, ba dole ba ne su faɗi matsayinsu na shige da fice ko su ba da lambar soshal tasu, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum domin aiki da haraji. A fam ɗin za a tambayi wa da wa ke gidan, a kuma tambayi wa ake nema wa. Sunanki zai shiga a matsayin uwa, a gabansa a nuna ba a nema miki, shi ke nan, ba ki da bayanin da za ki ƙara. Sai dai a 2025 ta bayyana cewa hukumar tarayya mai kula da Medicaid ta miƙa bayanan masu rajista ga ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda jami'an shige da fice ke ƙarƙashinta, har gungun jihohi da Kalifoniya a gaba suka kai ƙara kotu. Duk wanda ya ce miki haɗarin sifiri ne, bai gaya miki gaskiya ba.

To ki auna shi da ni. Waɗanda za a yi wa rajista 'yar ƙasa ce da mai girin kad. Wanda zai sa hannu uba ne mai girin kad. Adireshin gidanku kuwa ba sirri ba ne a wurin hukumar shige da fice, domin doka ta wajabta wa maigida ya sanar da ita duk lokacin da ya sauya gida, cikin kwana 10, kuma shi ya cike wa yaron takardu. Abin da fam ɗin yara zai ƙara musu kaɗan ne. A ɗaya ɓangaren kuma ga yaro mai sikila, ga wani sanyin na tafe. A nawa ganin babu haɗi: a nema wa yaran a wannan makon, maigida ya zama mai nema.

Naki ne ke son a bi a hankali, amma a hankali ba yana nufin a zauna ba. Wata huɗu babu awo ya yi yawa, ƙanwata, balle ga ki da ɗa mai sikila. Idan ke da maigida duk kuna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma kowace jiha a Amurka tana gwada jariri tun kwanakin farko. Akwai cibiyoyin lafiya na al'umma da tarayya ke tallafa wa, masu karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfin mutum, da yawansu suna awon ciki. Ki kira mafi kusa da ku ki tambayi abin da suke buƙata kafin ki je. Tun 2002 kuma jihohi ke da damar biyan kuɗin awo ta hanyar CHIP da sunan abin da ke cikin, ba tare da duba takardun uwa ba. Teksas na yin haka, Kalifoniya da Niyok da Ilinoy su ma suna ɗaukar nauyin mai ciki ko ba ta da takardu. Haihuwar kanta tana cikin abin da Medicaid na gaggawa ke biya a kowace jiha ga wadda kuɗin gidanta bai wuce ma'auni ba, kuma jaririn da aka haifa a ƙarƙashinsa yana samun inshorar shekara guda kai tsaye. A Fulorida da Teksas asibitoci kan tambayi matsayin mutum saboda umarnin jihar, amma kina da damar cewa ba za ki amsa ba, kuma ba zai hana a duba ki ba.

Tunda waɗannan da sunanki za a cike su, kuma ke ce watarana za ki nemi girin kad a yi miki wancan awon na fablik caj, ki zauna da lauyan shige da fice kafin ki sa hannu a fam na kanki. Akwai ƙungiyoyin agajin shari'a da ke yi kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Lauya mai lasisi nake nufi, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ba ɗan unguwa mai shago da ke cike wa mutane takardu ba. Ku je tare da maigida. Namiji yakan fi karɓar magana idan ya ji ta da kunnensa daga bakin mai ilimin abin, kuma a zama ɗaya za ku ji yadda zamansa ɗan ƙasa zai iya buɗe miki taki hanyar, tunda da biza kika shigo. Awon ciki dai kada ya jira lauya. Ki fara zuwa cibiyar ki biya ɗan abin da suka yanka.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai da babbar murya, domin shi ne ke rusa mutane, ba karɓar inshora ba. Kada a yi ƙarya a fam. Kada a rage kuɗin shiga, kada a ari katin ɗan maƙwabta ko lambar wani, kuma ko da wasa, ko da kuskuren latsa akwati, kada ki taɓa cewa ke 'yar ƙasa ce. Wannan ƙaryar kan rufe wa mutum ƙofar girin kad har abada. Inda ba dole ba ne ki amsa, shiru ya halatta. Inda kika amsa, ya zama gaskiya.

Neman ba ya da lokaci, Medicaid da CHIP duk shekara a buɗe suke, kuma kyauta ake cikewa, duk wanda ya nemi kuɗi a kai ki bar shi. Ku kira 1-877-543-7669, layin tarayya ne na inshorar yara da ke haɗa mutum da ofishin jiharsa, ko ku shiga InsureKidsNow.gov. Idan Turanci zai ba ku wuya ku ce a kawo tafinta, haƙƙinku ne kuma ba ku za ku biya ba, kada a sa yaro ɗan shekara 11 ya fassara maganar ciwonsa da takardun uwarsa. Ku tanadi takardar haihuwar yarinyar, girin kad na yaron gaba da baya, lambobin soshal na su biyun, takardar harajin bara ko shaidar kuɗin da ya shigo a 'yan watannin nan, da wata takarda mai adireshinku. A ƙa'ida cikin kwana 45 za su ba da amsa, don haka ku faɗa musu tun farko cewa yaron yana da sikila, asibitocin yara da yawa suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su taya iyaye cikewa da bibiya. Idan aka ƙi, ku karɓi dalilin a rubuce ku nemi a sake saurare. Ma'aikaci kan ga girin kad na shekara ɗaya ya yanke hukuncin jiran shekara biyar, alhali jiharsa ta ɗage wa yara.

Ki karanta wa maigida wannan amsar da daddare bayan ya huta, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba. Sannan ki sake rubuto min da sunan jiharku da watan da yaron ya sauka, in faɗa miki sunan shirin da za ku nema da abin da jihar ke yi wa mai ciki. Kafin nan ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa da gadonsa, ki riƙa ba shi ruwa sosai, ki rufe masa jiki idan zai fita, ki kuma rubuta sunan asibitin yara mafi kusa da ku ki manna a bayan ƙofa.